Yana karanta Turanci kamar ruwa, amma bai san abin da ya karanta ba

Maman_Khalil:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Ina da damuwa, don Allah ku ba ni shawara. Ɗana shekararsa tara, yana aji huɗu. Idan ka miƙa masa littafin Turanci zai karanta maka shafi guda babu gargada, har baƙi na sa masa albarka. Jiya na zauna da shi kan aikin gida, ɗan gajeren labari ne na wani yaro da karensa, bai wuce layi goma sha biyu ba. Ya karanta tsaf. Na rufe littafin na ce, to gaya min abin da ya faru. Sai ya tsura wa bango ido. Na ce ko da Hausa ne faɗa min. Ya ce, "Akwai kare." Iyakarta ke nan. Da na buɗe masa tambayoyin da ke ƙasan labarin sai na gano dabararsa: yana ɗaukar kalma ɗaya daga tambayar, ya bi labarin da yatsa har ya ci karo da ita, sai ya kwafe layin gaba ɗaya. Ashe da haka yake samun maki. Wallahi jikina ya yi sanyi. Me zan yi masa a gida? Ni ba malama ba ce, Turancina ma daidai gwargwado ne.

Ummu_Zara:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa kamar kin leƙo gidana. Tawa ma haka take yi, har da bin layi da yatsan. Ina nan ina jiran amsoshi.

Baban_Yara3:
Hajiya, maganin a fili yake. Yaron ba ya jin Turanci isasshe. Ku daina yi masa Hausa a gida na wata shida ki ga aiki. Ni haka na yi wa nawa uku, yanzu bakinsu ya buɗe.

Malama_Rabi:
Maman Khalil, ki kwantar da hankalinki, abin da kika gani shi muke gani kullum a aji, kuma gara da kika gano shi yanzu. Na shekara goma sha huɗu ina koyar da 'yan firamare. Karatu aiki biyu ne da ake yi a lokaci ɗaya. Na farko, ido ya ga haruffa ya mayar da su sauti. Na biyu, ƙwaƙwalwa ta gane abin da sautin ke nufi. Wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana haka a 1986, suka ce fahimtar karatu ita ce iya furta rubutu SAU fahimtar harshe. Ki lura, sau suka ce, ba tarawa ba. Idan ɗaya sifili ne, amsa sifili ce, ko da ɗayan ya cika fal. Ɗanki ya ƙware a na farko, na biyun ne ke baya.

Ga gwajin da za ki yi yau da daddare. Ki ɗauki wannan labarin na kare, ke ki karanta masa a hankali, shi yana saurare kawai, ba ya kallon takarda. Sannan ki tambaye shi. Idan ya gane, to wahalar furtawa ce ke cinye masa hankali. Idan har yanzu "akwai kare" ne, to kalmomin ne bai sani ba, kuma daga nan za a fara. Ki dawo ki faɗa mana.

Ɗalibin_Harshe:
Ina goyon bayan Malama Rabi, bari in ƙara da lissafi. Binciken da Hu da Paul Nation suka yi a 2000 ya nuna cewa mai koyon Turanci na buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi shi kaɗai ba taimako. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Batia Laufer kuwa tun 1989 ta ambaci kashi 95, ɗaya cikin ashirin. To ku duba littattafan da ake ba yaranmu. Sau da yawa a layi ɗaya akwai kalma uku da yaro bai taɓa ji ba. Ko babba ne ya gaji. Akwai dabarar yatsu biyar da malamai ke amfani da ita: yaro ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya ɗaga yatsa. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, a ajiye masa sai gaba.

Malama_Rabi:
@Ɗalibin_Harshe haka ne, amma a yi gyara kaɗan ga irin yaranmu. An tsara dabarar ne don kalmar da yaro ya kasa furtawa. Khalil zai furta duka bai ɗaga yatsa ko ɗaya ba. Sai a ce masa ya ɗaga idan bai san MA'ANAR kalmar ba.

Ɗalibin_Harshe:
Gaskiyarki Malama, na karɓi gyara.

Malam_Habu:
@Baban_Yara3, Alhaji ka yi haƙuri, ban yarda da hana Hausa ba, kuma ina da dalili daga rayuwata. A makarantar da na yi, duk wanda aka kama yana harshen gida sai ya sha bulala. Abin da ya biyo baya shi ne muka koyi yin shiru. Na gama firamare ina jin tsoron buɗe baki a kowane harshe. Daga baya da na shiga harkar koyarwa na karanta aikin Jim Cummins, wani masani a Kanada. Ya raba Turancin hira da Turancin karatu. Yaro kan iya hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, kuma wannan a ƙasar da yaron ke jin Turanci ko'ina ne. Don haka buɗewar baki ba ita ce fahimta ba. Shi ne kuma ya nuna cewa abin da yaro ya iya a harshensa na farko yana bin sa zuwa na biyu. Yaron da ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, ya iya cewa wane ya yi kaza saboda kaza, ba zai sake koyon wannan tunanin ba. Kalmomin Turanci kawai zai ɗora a kai. In uwa ta bar harshen da take iya zurfafa magana da shi ta koma "come", "sit down", "eat your food", me yaron ya ƙaru da shi?

Baban_Yara3:
Malam Habu na ji ka, kuma ni ban taɓa dukan yaro kan Hausa ba. Amma jarrabawa da Turanci ake yin ta. In ba a gida ya ji ba, a ina zai ji? Harshe sai da amfani. Kogi ba ya ƙin yayyafi, kowace jimla da ya ji ƙari ce.

Malam_Habu:
Ya ji, Alhaji, ya ji sosai. A ware masa lokacin Turanci kullum. Korar Hausar ce kawai na ƙi.

Kaka_Asabe:
'Ya'yana ku bari tsohuwa ta sa baki, jikata ce ke rubuta min. Ni ban iya Turanci ba ko kaɗan. Amma jikokina biyu a hannuna suke. Idan ƙaramar ta gama karatunta sai in ce zo ki ba ni labarin, ni ma ina son ji. Da farko sai ta ce, "Kaka, wata yarinya ce ta ɓata." In ce, subhanallahi, a ina? Me ya fitar da ita? Uwarta tana ina? Sai ta ce bari in duba, ta koma littafin da gudu. Wani lokaci sau huɗu take komawa kafin labarin ya haɗu. Ba gwada ta nake yi ba, da gaske ina son sanin ƙarshen. Malamarta ta aiko tana tambaya wa ke yi mata darasi a gida.

Ummu_Zara:
Allah ya ƙara lafiya Kaka. Wannan ta shige ni.

Malama_Rabi:
Kaka, abin da kike yi shi ake koya mana a kwas. Akwai tsarin da Palincsar da Brown suka fitar a 1984, abu huɗu: yaro ya yi hasashen abin da zai faru, ya yi tambaya, ya warware inda ya ruɗe, ya taƙaita. Ke kina sa ta yin uku daga ciki ba tare da takarda ba. Kuma abin da ya fi burge ni shi ne komawar da take yi littafin da kanta. Yaron da ya gane cewa bai gane ba ya yi rabin tafiya. Matsalar mai bin layi da yatsa ita ce bai ma san ana neman ma'ana a cikin rubutu ba, ya ɗauka fitar da sauti shi ne aikin.

Abban_Nana:
Ni tawa matsalar akasin taku ce. 'Yata shekara bakwai, tana jin Turanci sosai saboda katun, amma in ta ga rubutu sai ta tsaya cak. Tana kallon harafin farko ta yi canke.

Anti_Lami:
Abban Nana, naka batun sauti ne. Turanci na da haruffa 26 amma sautukansa kusan 44, shi ya sa rubutunsa ba ya tafiya da furuci kamar namu. A Hausa abin da ka gani kusan shi za ka faɗa. A can kuwa duba though, through, tough, cough: ƙarshensu iri ɗaya a ido, furuci huɗu daban. Ka fara mata da gajerun kalmomi masu bin ƙa'ida, irin su cat, pin, mop, tana haɗa sauti ɗaya bayan ɗaya. Masu taurin kai irin su said, was, the kuwa a rubuta a ƙananan katuna ta riƙa gani kullum. Akwai jerin irin waɗannan kalmomi guda 220 na wani masani mai suna Dolch tun 1936, ana samunsa kyauta a intanet. Kuma ka hana ta canke, ka ce ta bi kalmar har ƙarshe.

Baban_Yara3:
Kun gani? Katun ya koya mata Turanci. Maganata ke nan, jin harshe.

Hajiya_Mairo:
Alhaji katun ɗin nan ni ina da ja a kansa. Nawa sun iya kwaikwayon murya, sun iya "oh no" da "let's go", amma ka ba su sakin layi ɗaya sai ido. Hoto ne ke ba su labarin, kunne na hutawa. Ga shi waya in ta shiga hannu fitar da ita yaƙi ne.

Abban_Nana:
Hajiya ni na ga amfaninsa gaskiya. Abin da nake yi yanzu, ina kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, kuma minti ashirin ne a kashe.

Ɗalibin_Harshe:
Ku biyun kuna da gaskiya. Harshen hira da na littafi ba ɗaya ba ne, kamar yadda Malam Habu ya faɗa a sama. Kalmomi irin su however, although, meanwhile ba kasafai ake jin su a katun ba, amma sun cika littafi. Kallo na gyara kunne, ba ya maye gurbin a karanta wa yaro.

Maman_Khalil:
Na dawo, na gode muku ƙwarai. Malama Rabi na yi gwajin. Na karanta masa da kaina, sau biyu ma. Bai gane ba. Sai muka bi labarin jimla jimla, kuma a nan na ga abin mamaki. Akwai inda aka ce "The dog left the yard." Na ce me ake nufi? Ya ce kare yana hagu. Shi left ɗin da ya sani ke nan, na hannun hagu. Can ƙasa kuma aka ce "There was no food left." Nan ma ya ce babu abinci a hagu. Kalma ɗaya, ma'ana uku: hagu, barin wuri, da saura. Da na warware masa sai ya ce, "Au, ashe guduwa karen ya yi saboda yunwa!" Ya zauna sosai ya ce mu ci gaba, yana son ya ji ko an gano shi. Rabon da in ga ya nemi a ci gaba da karatu har na manta.

Malama_Rabi:
Alhamdulillah. Kin ga inda gizo ke saƙar. Kuma ki lura, ba manyan kalmomi ne suka kayar da shi ba. Iyaye kan damu da dogayen kalmomi, alhali ƙanana ne ke yin ɓarna. Ki gwada shi da wannan: "Musa washed his hands after he fed the cat." Ki ce me ya fara yi? Yawancin ɗalibaina wanke hannu suke cewa, don shi aka fara ambata. Haka before, unless, until, instead. Sai wakilin suna. A Hausa komai shi ne ko ita, a Turanci ga it, kuma they na iya komawa kan mutanen da aka ambata layi uku a baya. Ina sa yarana su zagaye he ko it da fensir su ja kibiya zuwa wanda ake nufi. Rabin ruɗanin a nan yake warwarewa. Sai irin su look after, give up, run out, waɗanda in ka fassara kalma kalma sai ka ɓata. Waɗannan a koya su a dunƙule kamar kalma guda.

Ummu_Zara:
To Malama batun ƙamus fa? Ni duk kalmar da ba ta sani ba sai in ce ta duba. Shafi ɗaya sai mu yi awa.

Malama_Rabi:
Ki rage, 'yar'uwa. Kafin ta gama dubawa ta manta farkon jimlar. Kafin ku fara, ki leƙa labarin ki zaɓi kalma uku ko huɗu da in ba su labarin ba zai tafi ba, ki faɗa mata ma'anarsu da Hausa kai tsaye. Sauran in sun taso ki faɗa a gurguje ku wuce. Ƙamus a bar shi sai an gama.

Anti_Lami:
Ni a nan na ɗan saɓa. Iya duba ƙamus ma ilimi ne, kuma ba kullum uwa ke kusa ba. Ko kalma biyu ne a rana ta duba da kanta.

Koci_Bala:
Ku ba ni dama in kawo wani ɓangare da ba a taɓa ba. Ƙanena shekara goma sha ɗaya, an yanke masa hukuncin cewa ba ya fahimta. Rannan na same shi da wayata yana karanta rahoton wasan ƙwallo da Turanci, ya kuma zayyana min wa ya ci, a minti na nawa, me ya sa aka ba da jan kati. Rahoton ya fi littafinsa na makaranta wuya nesa ba kusa ba. Amma labarin da aka ba shi a aji na dusar ƙanƙara ne da wasan zamiya a kanta, abin da bai taɓa gani ba.

Ɗalibin_Harshe:
Koci, an yi bincike a kan wannan daidai. Recht da Leslie a 1988 sun ba ɗalibai a Amurka rubutu kan wasan besbol. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimta. Sanin abin da ake magana a kai na ɗaukar nauyi mai yawa. Shi ya sa minti biyu na hira kafin karatu ke da amfani: a kalli hoton, a karanta take, a tambayi yaro me ya sani game da abin. In dusar ƙanƙara ce a nuna masa hoto ko ɗan bidiyo tukuna.

Hajiya_Mairo:
Duk na ji, amma ina littattafan? Na makaranta kaɗai muke da su, kuma su ne masu wuyar.

Malam_Habu:
Hajiya akwai na kyauta a intanet. African Storybook da StoryWeaver duk suna da labaran yara masu hoto, an jera su mataki mataki, ana iya saukewa a waya ko a buga a takarda. A African Storybook akwai na Hausa, wani labarin ma za ki same shi a harsuna biyun, ku karanta na Hausa yau, na Turanci gobe. Ga manyan yara akwai jerin Oxford Bookworms, matakin farawa an rubuta shi da kalmomi kusan 250, na ɗaya 400. Kuma yawan littafi mai sauƙi yana aiki. A ƙasar Fiji, Elley da Mangubhai sun zuba littattafan labari kusan 250 a azuzuwan wasu makarantun karkara inda Turanci ba harshen gida ba ne. Sakamakon da suka buga a 1983 ya nuna yaran sun ci gaba a fahimtar karatu kusan ninki biyu na yadda aka saba.

Baban_Yara3:
To Malam, ai wannan ma hujjata ce. Turanci aka zuba musu, ba harshensu ba.

Malam_Habu:
An zuba musu littafi, Alhaji, ba a hana su harshen iyayensu ba. Amma ka yi min wani abu: yau ka yi wa naka gwajin Malama Rabi, ka rufe littafi ka ce su ba ka labarin.

Baban_Yara3:
Zan yi in sha Allah. Babban na tabbata da shi. Na tsakiyan ne ban sani ba, shi ma yana da saurin karatun nan.

Maman_Khalil:
Yau kwana tara. Abin da muke yi: minti goma sha biyar kullum, littafi mai sauƙi daga StoryWeaver wanda da farko ya raina ya ce na yara ne. Muna kallon hoto mu yi hira, in faɗa masa kalma uku, ya karanta, a kowane shafi in tsayar da shi in ce me ya faru, me kake jin zai biyo baya. Na ɗauki salon Kaka Asabe, na daina karanta labarin kafin shi don tambayata ta zama ta gaske. Jiya da kansa ya tsaya a tsakiyar shafi ya ce, "Mama, wannan she ɗin wace ce, uwar ko 'yar?" Sai dai har yanzu da Hausa yake ba ni amsa, in na ce ya faɗa da Turanci sai ya koma kwafe layi. Yaushe ya kamata in matsa masa ya juya?

Malama_Rabi:
Kada ki matsa tukuna. Ya faɗa da Hausa, sannan ku mayar da jimla ɗaya tak zuwa Turanci tare, littafi a rufe. Ki ba shi farkon, kamar "The dog ran away because", ya ƙarasa. Ko da kuskure a nahawun ki karɓa, ki maimaita masa daidai ba tare da tsawa ba.

Baban_Yara3:
Ni dai da ni ne daga mako na biyu zan juya shi. Jarrabawa ba ta jira.

Ummu_Zara:
Maman Khalil don Allah wane mataki kuka fara da shi a StoryWeaver ɗin? Tawa shekararta takwas, ban san ko in fara mata daga na ɗaya ba.

Maman_Khalil:
Na biyu muka fara, ya ɗaga yatsa shida a shafin farko, sai muka sauko na ɗaya. Ki sa ta ɗaga yatsun ki gani.